Ƙaiƙayin Inna Tabawa

Ranar da na fara kai injin sussuka Fagam ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka zo shagon nan daga baya, ga asalin dokar da nake hana ku karyawa.

A lokacin na bar sayar da taki, na koma ba da hayar injina a Birnin Kudu. Kullum rediyo sai ta ce an zo da juyin juya hali a harkar noma, ni ma na ɗauki kalmar ina tallar kayana da ita. Malam Isa, malamin makarantar da ke zama a bencinmu, ya ce min, "Alhaji, a wurin Turawa, da farko zagayen taurari kalmar take nufi. Daga baya aka mayar da ita kifar da tsohon tsari." Na ce, "Malam, ni wadda ke kawo ciniki nake so."

A masussukar Alhaji Bala, wani babban manomi, muka kafa inji. Ana zuba zangarniyar dawa ta sama, hatsi ya fito ta gefe, fanka ta hura ƙaiƙayi baya. Aikin da ake kwana da kwanaki ana yi, kafin la'asar mun kusa gamawa. Ina ta cika baki cewa ko ƙwaya ba ta bin ƙaiƙayi.

Sai ga wata tsohuwa da faifai da ƙwarya. Ta zauna bayan tarin ƙaiƙayin, ta yi ta shiƙa, ba ta samu komai ba. Ta ɗago ta ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Abin nan naku ba ya mantuwa ko?"

Alhaji Bala ya ja ni gefe. Ya ce, "Inna Tabawa ke nan. Mijinta ya rasu, ba ta da mai yi mata noma. Tun iyayenmu, da gangan ba a sussuke dawa tas, don irinsu su zo su shiƙe. Da shi take kaiwa damina."

Na ce to a auna mata, ni zan ɗauki nauyi.

Ya ce, "Za ta yi maka godiya, ta mayar. Ba bara ta zo ba, aiki ta zo."

Akwai sauran dammuna a ƙasa. Na kalle su, na kalli Alhaji Bala, don dawarsa ce. Ya gyaɗa kai. Na ce wa Sani mai tuƙa injin ya buɗe fanka gaba ɗaya.

"Oga, hatsi zai bi ƙaiƙayi fa!"

"Sani, wa ya tambaye ka?"

Dawa ta dinga tsalle tana faɗawa baya. Na ɗaga murya ina faɗa wai injin ya lalace. Inna Tabawa ta matso da faifanta, ta ci gaba da shiƙa. Da ta cika ƙwarya ta tura ta gefe, ta dube ni tana murmushi, ta ce, "Ɗan nan, idan ka kai shi gyara, kada a gyara shi da yawa."

Tun daga ranar, duk inda injinmu ya je, sai mu nemi yardar mai gona, mu buɗe fanka a dammunan ƙarshe. Abin da na koya shi ne, kafin ka kifar da tsohon tsari, ka zagaya bayansa tukuna, ka ga wa ke zaune da faifai.