Ranar da Mijinyawa Ya Hau Duwatsu Uku

Duk wanda ya ci kasuwar Rogo a shekarun tamanin ya san Mijinyawa, dogon Bafillacen nan mai malafa da 'yar buta a kafaɗa. Ni Lawal tela, a rumfata yake yada zango tun muna samari. Yana ce min Kaɗo mai tumbi, ina ce masa sillen kara.

Abu biyu na sani game da shi. Bai iya rabuwa da shanunsa, kuma bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari, Halliru, ba. Kunyar ɗan fari ce irin tasu. Halliru har ya fara furfura a gemu, amma a bakin ubansa "wancan" ne. In suna da magana ni nake kaiwa in kawo, ko da kuwa tabarma ɗaya suke zaune.

Wata damina kurkunu ya fito masa a ƙafar dama, ya kwantar da shi wata da watanni, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Da kaka ta gabato, lokacin da suke kora shanu kudu, sai ga Halliru a rumfata.

"Baba Lawal, ka gaya masa bana ya zauna a ruga. Ƙafar nan ba za ta iya hanya ba."

Har sandar kiwon uban ya ɗauke ya ɓoye. Na kai wa Mijinyawa saƙo, na ga idonsa ya kaɗa, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Washegari ina idar da sallar asuba ya ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Taso, Kaɗo, shaida za ka yi."

Bafillace ba ya yabon kansa, sai ya nemo mai baki. Bayan rugarsu, wajen ƙauyen Fulatan, akwai duwatsu uku a jere. Wai duk zai haye su kafin rana ta faɗi, ba sanda, ni kuma in je in ba da labari.

A dutsen farko na gane an cuce ni. Shi mai jinya yana gaba kamar akuya, ni mai lafiya ina baya ina haki ina tsine wa tuwon da na ci jiya. Wajen ɗaga ƙafa wandona ya ce ɓarr, wandon da na ɗinka da hannuna! Mijinyawa ya yi dariya har ya zauna. Da muka kai ƙololuwa ya ɗage ƙafar hagu, ya tsaya kan mai ciwon, ya shiga tsalle yana juyi, dattijo da jikoki. Can ƙasa ya hango garkensa suna kiwo. Bai iya daurewa ba, ya sa hannu a kunne ya rangaɗa musu kiran nan nasa. Wata farar saniya mai karyayyen ƙaho ta ɗago kai.

"Ka gani? Ba su manta ni ba!"

A dutse na biyu muka yi azahar da ruwan sama da ya taru a kwarmin dutse, muka cika ciki da ɗinya har bakinmu ya yi baƙi. Nan ni ma iskar ta shige ni. Ban taɓa ganin duniya daga sama ba: gonaki shar, jinkunan ƙauyuka kamar an kifa ƙore, motar kasuwa tana rarrafe a hanyar Ƙaraye. Na buɗe maƙogwaro ina ihu, "Kubura! Fito ki ga mijinki!" alhali matata tana can Rogo. Na yi ta yi har birai suka watse. Shi kuma ya sake kiran shanunsa, don daɗi kawai.

Na uku ya fi tsayi. Ƙafar ta ɗan kumbura, ƙarshen hawan da rarrafe ya yi shi, bai yarda na kama shi ba. Muka kai da la'asar sakaliya, muka zube muna dariya kamar waɗanda suka sha wani abu. Sai dariyarsa ta tsaya cak.

Ashe shanun kiransa suke bi tun safe. Sun baro makiyaya, farar saniya na gaba, sun nufo gindin dutsen da muke. Tsakaninsu da mu kuwa gonar dawar Malam Abdulsalami ce, ta nuna, ba a yanka ba. In suka faɗa mata, rigimar ruga da gari ba mai kashe ta. Halliru na can yana nemansu ta bayan dutse na biyu, inda ba ya ganinsu.

"Kira shi, Kaɗo!"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ihun Kubura ya cinye muryar. Mijinyawa ya dube ni, ya dubi dawar. Sai ya miƙe, ya sa hannu a kunne.

"Halliru! Halliruuu! Yamma, gonar dawa!"

Daga sama na ga Halliru ya tsaya ƙyam, ya ɗaga kai. Sannan ya zuba a guje, ya tare su a daidai bakin gona.

Da muka sauko magariba ta kusa. Shanu suka kewaye Mijinyawa suna lasar rigarsa. Uba yana duban gabas, ɗa yana duban yamma.

"Baba Lawal," in ji Halliru, "ka gaya masa jibi za mu tashi. Sandarsa tana bayan rumbu."

"Ka gaya wa wancan na ji."

Mijinyawa ya yi tafiyar wannan shekarar, ya yi wasu bayanta, kafin Allah ya karɓi abinsa. Ranar da na je gaisuwar rasuwa Halliru ya rako ni har bakin hanya, ya tsaya yana kallon dutse na uku.

"Baba Lawal, ka san ranar nan kaɗai na taɓa jin sunana a bakinsa? Sai da na bari ya kira na biyu kafin na ruga."