Duron Kakata

Shekaranjiya ina shanya a bayan gida sai wani duro da maƙwabcina ya ajiye a rana ya yi ƙara, gum! Na tsaya da rigar a hannuna. Wannan ƙarar ce ta kusa sa a kori kakata daga ƙauyenmu, can ƙasar Doguwa, lokacin ina 'yar shekara tara.

Kakata man gyaɗa take yi. Tun rasuwar kakanmu take zaune ita kaɗai a sashenta, sai ni da nake kwana wurinta. Tana da wani tsohon duron ƙarfe da ta daina zuba mai a ciki, ta murɗe murfinsa tam don kada ƙadangaru su faɗa. Da bazara, idan hantsi ya dubi bayan ɗaki, sai ya yi gum. In yamma ta yi sanyi ya sake. Mu mun saba, ko waiwaye ba ma yi.

Sai yaron maƙwabciyarmu ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana surutai. Uwarsa ta ce kurwarsa ce kakata ta kulle a duro, ita ce ke bugawa tana neman fita. Cikin kwana uku mata suka daina sayen manmu. Ƙawayena suka daina zama kusa da ni a makarantar allo.

Kawuna ya zo ya durƙusa. "Inna, ki bari in jefar da shi a rafi, magana ta mutu."

"In ka jefar, ka yarda ke nan," in ji ta. "Tashi ka gangara mini shi ƙofar mai unguwa."

Da sassafe aka kai shi. Kakata ta shimfiɗa tabarma a gefensa, ta sa na ɗauko tulun ruwan randa na ajiye a inuwa. Mutane suka taru nesa-nesa. Mai unguwa ya ce, "Inna, ai da kin bari mun yi a cikin zaure."

"Ranka ya daɗe, a waje aka ɓata ni."

Ta buɗe murfin, ta sa limamin gari ya leƙa. Babu komai sai warin tsohon mai. Ta murɗe, muka zauna. Rana ta ɗaga, gumi na bin wuyanta, ta ƙi matsawa. Can sai gum! Saman duron ya tasa kamar burodi. Wata mata ta yi salati ta ja baya.

"Iska ce a ciki, gaskiya ne," in ji kakata. "Irin wadda kuke shaƙa. In ta ji zafi kumbura take yi, wuri ya yi mata kaɗan. Ku duba."

Ta kwarara masa ruwan tulun. Bai jima ba ya sake yin gum, saman ya loɓa ciki. Sannan ta cire murfin ta miƙa wa mai unguwa. Muka wuni a wurin har la'asar, duro bai ƙara motsi ba.

An kai yaron asibiti a Tudun Wada, ya warke. Uwarsa ba ta taɓa zuwa ba da haƙuri ba, kakata ma ba ta aika a ce ta zo ba. Wasu matan sun dawo sayen mai, wasu har kakata ta rasu ba su taka gidanmu ba.

Yanzu 'ya'yan ƙauyenmu na koyon wannan a aji, suna zana shi a littafi. Amma ka sani, har yau in yaro ya kwanta, akwai masu fara duban gidan tsohuwar da ba ta da kowa. Sau biyu na tarar da irin wannan taron tun da na girma. Duk biyun na ratsa mutane na je na zauna kusa da tsohuwar.