Zaren Wuyan Magunan Inna Hadizatu

Da safiyar nan Yaya Sani ya kira ni, ya ce mahaifiyarsa, Inna Hadizatu ta Agege, ta rasu bayan sallar asuba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ba jinina ba ce. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Damagaram. Ta yi shekaru tana dafa wa wasu Larabawa abinci a Ikeja, da za su koma ƙasarsu suka bar mata maguna 'yan ƙasar Farisa, masu dogon gashi da shafaffen hanci. Ita "mussa" take ce musu.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ina aji uku a sakandare. Kullum in na dawo sai in tsaya a bakin ƙofarta ina leƙe, ban taɓa iya yin sallama ba. Wata rana ta miƙo mini mataji, ko kallona ba ta yi ba.

"'Yar lakwal, tsayuwa ba ta taje gashi. Shigo."

Lakwal makaranta ce a bakinsu na Nijar. Daga ranar, ko na zo ko ban zo ba, tana ajiye mini ƙosai a rufe.

Kowace mage tana da zare a wuya. Launin zaren na uwa ne, yawan ƙullin na uba. In launi ya zo ɗaya, ko ƙulli ya zo ɗaya, 'yan'uwa ne, ba a haɗa su, ba a kuma ba gida ɗaya mace da namijinsu. Ba ta rubuta wannan a ko'ina ba. Ni kaɗai na zauna na koya.

Wata Asabar ta tafi Sabo Yaba gaisuwa, sai wani Alhaji mai tumatir daga kasuwar Mile 12 ya zo neman mace da muzuru. Yaya Sani ya zaɓo masa biyu mafi kyau. Ina zaune da mataji a hannu, ina ganin jan zare a wuyan kowannensu. Maganar ta zo mini har baki. Na dubi babbar rigar Alhaji, na sunkuyar da kai.

Bayan shekara ya dawo da kwali. 'Ya'ya huɗu a ciki, ƙanana, numfashinsu yana ƙara kamar ana jan zarto. Likitan dabbobi ya ce jini ya yi kusa, ciwon gado ne. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu a kan tabarmar Inna. Ta ƙarshen a cinyata ta cika.

Ranar na gaya mata gaskiya.

"Kin gani, kika yi shiru?"

"Na ji kunya, Inna."

"To, kunyarki huɗu ta binne."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Washegari ƙosaina yana nan a rufe.

Watan jiya na je duba ta. Idanunta sun dushe. Ta jawo wata farar mage tana laluben wuyanta da yatsa.

"Ƙulli biyu. Wane launi ne, Bilki?"

"Kore ne, Inna."

"Kin ga, ƙullin kawai ya rage mini. Launin yana wurinki."

Na yi dariya, na ɗauka wasa take yi.

Ga abin da ya hana ni zama. Kafin Yaya Sani ya ajiye waya ya ce, "Landlord ya ba mu sati ɗaya. Bayan addu'ar uku za mu raba magunan bibbiyu bibbiyu, mace da namiji, kowa ya je ya kiwata. Madam ɗina ma ta ce yau za ta yanke waɗannan zaren masu dauɗa ta yi musu wanka. Abi kina son biyu?"

Na ce, "To, Yaya."

To kawai na ce, ni da nake da 'ya a sakandare.

Maguna goma sha ɗaya ne a ɗakin nan, yawancinsu farare, kamarsu ɗaya. In almakashi ya taɓa zaren, babu wanda zai sake sanin wace ce ƙanwar wane, har ni. Na kira Yaya Sani sau uku, wayar a kashe.

Daga cikin danfo, motar hayar Legas, nake rubuta wannan, mun maƙale a Oshodi. Ina tsoron in isa in tarar da zaren a ƙasa. Ina kuma tsoron in isa a kan lokaci, in ga ƙofar gida cike da maza masu manyan riguna, muryata ta sake maƙalewa.

Ya Allah Ka gafarta wa Inna Hadizatu. Ka ji ƙanta fiye da yadda ta ji ƙan abin da ba ya iya magana, Ka yalwata mata kabarinta.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. In wata addu'ar ta rage muku, ku roƙa mini in riga almakashin isa, kuma wannan karon bakina ya buɗe.