Kwandon Ƙaguwa daga Salaga zuwa Bawku

Salaga, asubar Talata

Ana kiran sallar farko na fito daga gida, 'yata Ummi goye a bayana, jaka a kafaɗa, kwando a kaina. Ba gudun rasa mota ya fito da ni da duhu ba. Gudun maƙwabta nake, kada wata ta tambaye ni abin da ke cikin kwandon. Ƙaguwa ce a ciki, da ranta.

Ga yadda aka yi. Surukina, Baba Alhaji, yana kwance a Bawku tun bayan ƙaramar salla, abinci ya ƙi shiga. Tuwo ya ture, koko ya kurɓa ya kau da kai. Ran nan a waya ya ce wa maigidana abu ɗaya ransa ke so: ƙaguwa da ɗanyar citta, irin wadda yake ci a bakin ruwan Makango zamanin da yake kora shanu kudu. Maigidana yana Kumasi da lodin doya, bai sayar ba, ba halin tasowa. Ya ce, "Ke za ki kai." Na ce to. A gidanmu ba a cin ƙaguwa. Kakata in ta ga mai ci sai ta tofar da yawu. Ni ko riƙe ta ban taɓa yi ba, balle dafawa.

Dabi, matar da ke kawo mana kifi daga Makango, ita ta kawo mini su ranar Litinin da yamma, sun fi goma. Ta shimfiɗa musu jiƙaƙƙen buhu da ganye, ta ce da irin Hausarta ta kasuwa, "Amarya, ji da kyau. Ba rufe shi. Ba sa shi cikin ruwa. Yayyafa kawai, kaɗan-kaɗan. Wanda ya mutu, jefar, kar ki ba mutum. Kai shi da rai, sa shi ruwan zafi da rai." Na ce na ji. A raina kuwa na ce wannan na ƙarshen nasu ne, mu ai sai an yanka.

Kafin in shiga tasha na raɓe bayan wani shago. Na ji suna motsi, ƙaras-ƙaras, kamar ana kankare ƙwarya. Na ciro baƙar leda babba na zura kwandon a ciki, na ɗaure bakin, na ɗora doya biyu a kai. Na san abin da Dabi ta ce. Na ce a raina zuwa Yendi ne kawai.

Direba ya ce, "Hajiya ƙarama, mene ne a nan?"

"Doya ce."

"Doya sama take hawa."

Ina kallo aka cilla kwandon kan mota, aka ja tampol aka ɗaure da igiya. Kalma ɗaya ce za ta sauko da shi. Ban iya faɗinta ba, don tashar ta cika da mutanen unguwarmu.

Hanyar Bimbilla zuwa Yendi

Mun tashi gari ya fara haske. Hanyar duk ramuka, Ummi na ta kuka, ina ba ta nono ina lissafin ranar da ke hawa. Da muka haye gadar Daka na leƙa ruwan, na tuna waɗanda ke bisa kaina cikin leda. A Bimbilla aka tsaya, na sayi wake da shinkafa da piya wata, wato ruwan leda, guda uku, wai zan yayyafa musu. Ta ina? Sai an kwance kayan mutane duka. Na zauna da ruwan a cinya har ya yi ɗumi.

Bayan Bimbilla taya ta fashe, a fili, ba ko bishiyar kirki. Maza suka kewaye direba suna ba shi shawarar da bai nema ba. Ni ina tsaye na rufa wa Ummi mayafi, idona na kan tampol. Wata mata ta ce, "'Yar uwa, kin damu da doyar nan kamar zinariya." Na yi murmushin da bai kai ciki ba.

Yendi

Sai bayan la'asar muka shiga Yendi. Motar da ke bi ta Gushegu ta riga ta tafi, sai gobe. Na hau yalo-yalo, wato keken nan mai ƙafa uku, zuwa gidan Goggo Lami, ƙanwar babana, mai sayar da koko da ƙosai a bakin kasuwa.

Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ja hanci. "Rabi, doyar Salaga ce ta koma wari haka?"

Na kwance ledar. Zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunya. Yawancinsu sun saki ƙafafu, ko an taɓa ba sa motsi. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, ina hawaye.

Goggo ba ta lallashe ni ba. Ta ɗauko itace tana tona su ɗaya-ɗaya, tana ware masu rai. "Kunyar wa kika ji? Direban da ko sunanki bai sani ba? Tsoho na can ya ƙi cin abinci, ke kina nan kina ɓoye maganinsa a leda. Biyar suka rage miki. Gobe a cinya za ki ɗauke su, a buɗe, ko duk ƙasar Dagomba za ta taru ta kalle ki."

Muka binne matattun a bayan gida, muka sake jiƙa buhun, muka ajiye kwandon kusa da randa inda ke da sanyi. Ta yi tuwo da miyar ayoyo, loma kaɗan na iya. Doyar nan biyu na bar mata. Da safe ɗaya ta ƙara mutuwa. Saura huɗu.

Laraba: Gushegu, Nakpanduri, Garu

Na zauna kusa da taga, Ummi a gefen hagu, kwando a cinya, ba leda ba mayafi. Matar da ke kusa da ni ta leƙa, ta ce "A'uzubillahi," ta tattare zanenta. Kafin mu fita gari duk motar ta sani.

Duk sanda buhun ya fara bushewa sai in huda piya wata da haƙori in yayyafa. Wani dattijo mai jar hula a bayana ya ce, "Amarya, fasinjojin naki sun biya kuɗin mota kuwa? Mu ko ruwan ba a ba mu ba." Aka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai, amma ban daina yayyafawa ba. Aikina biyu ne: in hana su bushewa, in hana Ummi kai hannu, don duk ta ɗauka abin wasa ne.

A bariyar da ke kusa da Gushegu ɗan sanda ya leƙo ta taga. "Madam, wannan fa?"

Wannan karon na faɗa da bakina. "Ƙaguwa ce. Ta mara lafiya ce."

Ya ja da baya, ya ɗaga mana hannu. Dattijon nan bai sake tsokana ta ba. Da muka tsaya ma shi ya miƙo mini ruwa mai sanyi ya ce, "Ba wa mutanenki."

A Nakpanduri muka canja mota. Wajen gangara dutsen nan, motar ta karkata, kwandon ya tuntsure, babbar cikinsu ta faɗi ta shige ƙarƙashin kujeru. Mata suka ɗage ƙafafu suna salati, direba na cewa a zauna kada a kifar da shi. Ni na rungume Ummi da hannu ɗaya, na danne kwando da ɗaya, na rasa yadda zan yi. Wata tsohuwa mai kai zabbi Garu ta sunkuya, ta kamo ta ta baya da yatsu biyu, ta nuna mini. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, amma na gane: ta baya ake kamawa, inda hannun ba ya kaiwa.

Bawku

Daga Garu zuwa Bawku shingaye sun yi yawa, ana tsayawa ana buɗe kaya. Nawa dai a buɗe yake tun safe. Mun shiga gari bayan azahar.

Na durƙusa na gaida Hajiya, uwar maigidana. Ta karɓi Ummi tana yi mata wasa, sannan ta dubi kwandon. Ta daɗe tana dubawa.

"Daga Salaga, garin doya, abin da kika ɗauko mana ke nan?"

"Baba ne ya ce, Hajiya."

"Na ji ya ce. Ciwo ne ke sa shi magana. Ba dai a tukunyata ba, ba kuma a murhuna ba."

Aka ba ni tsohuwar tukunyar da ake ɗora ruwan wanka, da kurfotin gawayi, aka nuna mini bayan ɗakin Baba. Na wanke tukunyar da toka har sau uku. Na fere citta mai yawa, na daka ta da tafarnuwa da barkono da gishiri, na yanka albasa. Ruwa ya tafasa. Sai na tsaya, na koma wajen Hajiya na ce, "Wa zai yanka mana?"

Hajiya ta ce, "Ato. Gara da kika tuna. Ba za a ba mijina mushe ba." Ta aika aka kira Yaya Sule, wan maigidana, daga shagonsa na hatsi.

Yaya Sule ya zo da wuƙarsa wasasshiya, ya naɗe hannun riga, ya fuskanci gabas. Na kamo babbar ta baya na miƙa masa. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Rabi, ina wuyan?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ke kika kawo ta ai."

"Duba ƙarƙashin idon," in ji Hajiya daga nesa, ta toshe hanci da gyale.

Ya kai yatsa ƙarƙashin idon. Ta cafke shi. Ya yi ƙara, ya yarfe hannu, wuƙa ta yi gefe, ƙaguwa ta yi gefe. Matan gida suka fito, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Hajiya ta ce, "Shi ke nan. Abin da ba shi da wuya ba shi da yanka, abin da ba a yanka ba ba ya shiga cikin Alhaji. A zubar."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwana biyu a hanya, takwas na kashe da hannuna, huɗun da suka rage za a zubar a gabana.

Sai muka ji tari ta taga, tarin ya koma dariya. Ƙofa ta buɗe. Baba Alhaji ne, wanda aka ce mini sai an ɗaga shi yake zama, ya dafo bango ya fito har bakin ƙofa. Ya rame ƙwarai, rigar kamar a jikin ƙusa aka rataye ta.

"Sule, kai da girmanka? Ka taɓa kwantar da kifi ka yanka shi?" Ya juya wajen Hajiya. "Abin ruwa ne, ba a yi masa yanka." Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Amarya, yi bisimilla ki zuba su. Kada ki ji tsoron citta."

Maganar Dabi ce dai, wadda na raina.

Na yi bisimilla na zuba su a tafasasshen ruwan gishiri, na rufe, na kau da kai. Ba a jima ba bayansu ya koma ja. Baba ya sa aka ajiye masa kujera, yana ba ni umarni yana kallon wani wajen, ni ma ina amsawa ina kallon ƙasa. Na tsame su, na ɓalle ƙoƙon bayan, na cire abin nan mai laushi kamar soso da ke gefe biyu, ya ce ba a ci. Na raba kowace biyu, na ɗan fasa hannuwan da taɓarya don yaji ya shiga. Na zubar da ruwan, na sa man gyaɗa, na soya albasa, na juye dakakkiyar cittar. Ƙamshin ya tashi har Yaya Sule, da yatsa a baki, ya ce, "Kai!" Na mayar da ƙaguwar, na juya, na ɗan tsiyaya ruwa, na rufe har romon ya yi kauri ya kama jikinta.

Na kai masa na ajiye, na koma bayan ƙofa, don ba zan tsaya surukina na ci ina kallo ba. Daga nan nake jin ƙas, ƙas, sai tsotsa, sai shiru, sai kuma ƙas. Can ya ce, "A kawo mini tuwo in lashe romon nan." Hajiya da kanta ta tashi, har tana tuntuɓe.

Da ya gama ya ce, "Amarya, huɗu kawai aka samu a Makango? Ruwan ya tsufa kamar ni ke nan."

Da na yi shiru da ya wuce. Na ce daga bayan ƙofa, "Sun fi goma, Baba. Ni na rufe su a leda, don kada a gani."

Ya ce, "Waɗannan huɗun fa?"

"A cinya na ɗauko su."

"To su na ci," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Ga hannu ɗaya na rage miki."

Na ci, ina tuna kakata. Da daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Komawa gida

Na yi kwana uku. Baba yana cin tuwo kaɗan-kaɗan, in dai an sa citta a miya. Ranar da zan taho Hajiya ta miƙo mini tukunyar nan ta ce, "Tafi da abarki, ba za ta sake zama a gidana ba." Na ɗauka na ji nauyi. Jar albasar Bawku ce cike da ita, da turmin atamfa a sama. Ta rako ni har zaure, ta duba ba kowa, ta rage murya.

"Cittar nan, kamar yaya kika sa? Da kifi zan gwada masa."

Na nuna mata da tafin hannuna.

Na biyo ta Bolga da Tamale, na iso Salaga ana kiran magariba, Ummi na barci, tukunya a kaina. Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Allah ya saka wa Goggo Lami, da tsohuwa mai zabbi da ban san sunanta ba, da Dabi. A bakin layinmu maƙwabciyata ta tare ni ta ce, "Rabi, me kika kai wa surukai?"

Na ce, "Ƙaguwa."