Ranar da Aka Ɗauke Ni a Makara da Raina

A cikin abubuwan da Allah Ya ƙaddara mini gani a tsawon rayuwa, akwai guda ɗaya da na tabbata ba zai bar zuciyata ba har ranar da za a sake ɗora ni a kan makara. Na ce a sake, domin an taɓa ɗora ni sau ɗaya ina ji ina gani. Shekaru sun shuɗe, amma duk lokacin da karatu ya kawo mu babin jana'iza, sai kunyar wannan rana ta dawo mini sabuwa.

Ni ne limamin wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Ajingi, can bayan Gafasa. Tsakaninmu da titin da ke zuwa Gaya akwai fadama mai laka. Da rani babur yana ratsa ta, amma idan marka ta kankama, sai mai ƙafa. A wancan lokaci ba mu da ɗakin shan magani. Abin da muke da shi, muke kuma alfahari da shi, shi ne tanadin jana'iza. Ni da kaina na tsaya aka ƙera makarar ƙarfe, aka shafa mata koren fenti, aka sayi diga da shebur, aka ajiye bandir na likkafani a ɗakin masallaci. Har daga maƙwabta ake zuwa aron makararmu, ni kuwa ina jin daɗin hakan a raina.

Larurar da ta same ni irin wadda dattijo ba ya son ambata ce. Fitsari ne ya fara yi mini gardama, yana fita kaɗan-kaɗan da ƙyar. Na daɗe ina ɓoyewa, ina shan saiwoyi a asirce, domin ina ganin bai dace mutumin da ke gaban sahu a ji shi da irin wannan magana ba. Wata rana a tsakiyar damina ya tsaya cak. Marata ta kumbura ta yi tauri, zufa tana karyo mini, har na kasa fita sallar asuba, na aika ladan ya ja jama'a.

Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, in ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa. Gara a ji ciwonka da a ji rasuwarka."

Ba ta jira izinina ba, ta aika aka kira wanzamin garin, wanda tsarana ne, tare aka yi mana kaciya, kuma shi kaɗai ne ba ya jin nauyin zolayata. Da ya taɓa marar sai na ga fara'arsa ta ɗauke. Ya ce, "Liman, wannan ba aikin aska ba ne, ba kuma na ƙaho ba. Gaya za mu, yanzu."

Aka kawo babur, na kasa zama a kai. Amalanke kuwa shanu ba za su iya ja da ita cikin lakar fadama ba. Ba abin da ya rage sai a ɗauke ni a kafaɗa zuwa titi. Ladan ya bi gida-gida yana neman majiya ƙarfi, amma lokacin maimai ne, kuma safiyar ce ta farko da sama ta yi sarari bayan kwanaki ana ruwa. Kowa ya saɓa fartanya. Amsar da ya yi ta samu ita ce, "Allah Ya ba Malam lafiya, za mu leƙo da yamma." Ba mugunta ce ta sa su ba. Haka muka saba: mara lafiya da yamma ake duba shi, bayan an tashi daga gona. Mutum huɗu aka samu: ladan, wanzami, ƙanena, da babban ɗana.

Sai maganar abin da za a ɗauke ni a kai. Gadon gidana na ƙasa ne, ƙyauren kuma ba shi da mariƙa. Wanzami ya ce a ɗauko makara. Na ce ban yarda ba.

Ya ce, "Ba kai ka ce mana ƙarfe ce kawai ba, ranar da yara suke tsoron wucewa ta gabanta? To yau ga ranar aiki da karatu."

Ciwo ya fi ƙarfin gardamata. Aka shimfiɗa tabarma a ciki, aka kwantar da ni. Amma kafin su ɗaga, sai na roƙi abu guda: a lulluɓe ni da bargo har fuska, kada wani ya gane liman ne a wannan hali. Kunya ce ta sa ni faɗin haka, ban kuwa tsaya na yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mai kallo ba.

Muka fita ta bayan gari. Dattawa uku da matashi ɗaya, ga makarar ƙarfe, ga laka har ƙwauri. Ina jin numfashin ladan yana fita da ƙyar, suna tafiya suna direwa. Kowace direwa kuwa ji nake kamar marata za ta fashe. A raina na fara kalmar shahada, domin na ga alamar ba za mu kai titi ba.

Da muka shiga gonakin mutanen ƙauyen da ke gabanmu, sai na ji wata murya daga nesa tana salati. Na ji ana zubar da fartanyu, na ji gudun ƙafafu cikin dawa. Wani ya ce, "Gawar Musulmi da mutum huɗu? Ku kawo, ku huta." Nan take na ji makarar ta yi sama, ta daidaita, tafiya ta yi sauri. Wannan ya kama ya saki, wancan ya karɓa, kowa yana neman ladar ɗaukar mamaci, kamar yadda ni da irina muka karantar da su shekara da shekaru. Wani ya tambayi wanda ya rasu, wanzami ya ce, "Ku dai kama, sauri muke yi."

Na yunƙura zan yi magana, sai na ji bakinsa kusa da kunnena ta saman bargo. Ya ce a hankali, "Yi shiru, Liman. Da kana mara lafiya mutum huɗu ka samu. Yanzu da ka mutu, dubi arziki."

Wannan magana ta fi ciwon shiga jikina. Na yi shiru, kuma shirun nan yana cikin abin da nake neman gafara a kansa, domin na bar bayin Allah suna yi mini addu'ar mamaci alhali ina jin su. Haka aka ratsa fadama da ni, ruwa har gwiwa, ba wanda ya ce gonarsa tana jiran sa.

Asirin ya tonu a bakin ƙauyen nasu, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi titi, ɗaya ta yi maƙabarta. Na ji makara ta karkata hagu. Ƙanena yana cewa dama, masu ɗauka suna cewa ai kushewa tana hagu. Sai ga limaminsu ya fito, mutumin da muka yi karatu tare a zaure ɗaya muna samari. Ya ce a sauke gawar a fuskantar da ita gabas, ya tambaya ko an riga an sallace ta. Na ji mutane suna gyara sahu a bayansa.

A nan na ga ba sauran wurin ɓuya. Na tura bargon da hannuna, na ce, "Malam, a dakata da sallar. Da sauran kwanana."

Sahun farko ya watse, har wani ya bar takalminsa. Shi kuwa limamin ya tsaya yana kallona, sannan ya tsuguna ya ce, "Malam, kai ne? Me ya yi zafi haka?"

Jama'a suka dawo suka kewaye ni, manya da yara. Abin da na yi watanni ina ɓoye wa iyalina, shi na faɗa a gaban mutanen gari guda, ina kwance cikin makara. Na ce, "Fitsari ne ya ƙi fita." Na rufe ido ina jiran dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Abin da ya kashe yayana ke nan bara. Bai faɗa ba sai da ya kasa tashi." Wani kuma ya ce shi ma yana fama, ya ɗauka tsufa ne kawai. Limamin ya miƙe ya dubi jama'arsa ya ce, "Kun ɗauke shi kuna zaton ya mutu. Yanzu da kuka san yana da rai, za ku ajiye shi a nan ne?" Suka sake kamawa, amma wannan karon fuskata a buɗe, kowa yana kallona, har bakin titi. A can aka tsayar da mai adaidaita sahu ya kai ni Gaya. A asibiti aka sa mini robar fitsari, abin da ya taru ya fita, na ji kamar an sauke mini dutse. Ma'aikacin da ya duba ni ya ce da an ƙara jinkiri, da ƙoda ta taɓu.

Kwanakin da na yi a kwance, maganar wanzami ce take yi mini yawo a kai. Na karantar da mutanena cewa wankan mamaci da ɗaukarsa da binne shi wajibi ne a kan al'umma, in ba wanda ya yi kowa ya yi laifi, kuma sun riƙe wannan gam. Amma a littattafan da na karanta ɗin nan, ceton rai ma haka hukuncinsa yake, har ya fi ƙarfi. Wannan shafin ne ban taɓa tsayawa a kansa ba. Mun tanadar wa mamaci komai, mai rai kuwa mun bar shi da "Allah Ya sawwaƙe."

Da na koma gida, a zaman karatu na farko na ba da labarin da bakina, ban rage komai ba, har sunan ciwon. Na ga kawunan waɗanda suka ce za su leƙo da yamma sun sunkuya, na ce musu nawa kan ya fi cancantar sunkuyawa. Daga nan muka koma wurin mai waldar da ya ƙera makara, ya yi mana gadon ɗaukar mara lafiya mai sauƙin nauyi. Aka raba unguwanni, kowacce da ranarta ta ɗaukar mara lafiya, ko ana tsakiyar shuka ne. Da rani mu da maƙwabtan nan muka yi gayya, muka zuba duwatsu da marmara a mashigar fadama. Ɗakin da muke ajiye diga da shebur muka share, ma'aikacin lafiya yana zuwa ya zauna a ciki ranar kasuwa. Nakan shimfiɗa buzuna a ƙofar, domin dattijon da ya ga liman a wurin ya fi samun ƙarfin shiga. Gada dai har yau ba mu samu ba, kuma in ruwa ya yi yawa kafaɗa ce motarmu.

Wanzami ya riga ni rasuwa. Ni na sallace shi, na kuma kama makararsa, ita dai wannan mai koren fenti. Jama'a sun cika maƙil, amma abin da ya sanyaya mini rai shi ne, a jinyarsa ma sun cika.

Abin da na koya shi ne, kunyar da ke hana mutum faɗin ciwonsa ba ita ce kunyar da addini ya yaba ba. Kuma kafaɗar da za ka ba ɗan'uwanka ranar da ba zai san ka ba shi ba, ka fara ba shi ita tun yana iya ce maka na gode.