Buhunan Laka a Madafa

Lokacin da nake wankin zinari a wajen Bungudu, an san ni da tattali. Abokan aikina sukan zubar da lakar da ta rage bayan an cuɗa ta da zaiba, farin ruwan nan mai kamo zinari. Ni kuwa na ce almubazzaranci ne. Sai in ɗura ta a buhu, in jibge a madafar gidana, wai wata rana zan sake wankewa. Dunƙulen zinarin ma a can nake ƙona shi don zaibar ta fita, ƙofa a rufe, kada maƙwabta su sa ido.

Matata ta ce, "Malam, yau tuwon ma kai za ka tuƙa?"

Na ce ta yi haƙuri, da arziki take zaune.

Shekara na zagayowa hannunta ya kama rawa, ita da ke ɗinkin hula. A Gusau likita ya ce gubar zaiba ce, ya tambaye ta ko tana aikin ma'adinai. Ta ce ko zaure ba ta leƙawa. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

Maƙwabta dai ba su ga komai ba. Ta ce ta yafe mini. Yanzu ni ke sa mata zare a allura.