Gaisuwar Litinin ta Baba Zailani

Duk wanda ya san layin 'yan wake a kasuwar Ogbete ya san mahaifina, Baba Zailani. Daga Yelwa ya zo Enugu da kuruciyarsa, ya yi aure a unguwar Asata, a nan ya haife mu. Mutum ne mai son gaisuwa har ta ishe ka. Idan ka zo sayen mudu ɗaya, sai ya tambayi lafiyar gidanku kaf kafin ya auna.

Da idonsa ya fara rauni, wani matashi mai gyaran waya a Onitsha, Imrana, ya sa masa manhajar da ke karanta rubutun Hausa da murya. Kyauta ce, 'yan sa-kai ke gina ta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Da suka nemi wanda zai ba ta murya, Baba ya ce ga shi. Wata da watanni yana shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ina faɗa masa jimloli yana maimaitawa a waya. Muryar da ke cikin manhajar yau tasa ce.

Ta imel ƙungiyar 'yan sa-kan ke magana. Ka aika saƙo ɗaya, ya shiga wayar kowa. Baba kuwa ya mayar da abin zaure. Duk Litinin, ranar da ake zaman gida na dole a nan, kasuwa a rufe, mu baƙi kowa zuciyarsa a ɗar-ɗar, sai ya aika gaisuwa. Yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, na Onitsha, na Fatakwal, na unguwar Uwani a nan Enugu. Sai kowa ya amsa hankalinsa ke kwanciya. Wanda ya yi shiru, Baba zai yi ta cigiyarsa har a ji ɗuriyarsa.

Sai Aslam, mai kula da aikin daga Mile One a Fatakwal, ya kawo shawarar a rufe imel a koma dandalin intanet, inda kowane batu ke da shafinsa. Gaskiya yana da hujja. Mutum zai kawo rahoton matsala, ya nutse cikin "lafiya lau" da "ya iyali". Amma ni haushi ya ba ni, don a bakinsa gaisuwar Baba shara ce.

Baba ya kira shi a waya, ina zaune. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, imel har gida yake samuna. Dandalin nan sai na je. Wanda bai je ba, wa zai san bai je ba?"

Aslam ya ce, "Baba, no wahala, za mu buɗe muku shafin gaisuwa daban."

Na gwada masa dandalin. Manhajar ta dinga karanto masa sunayen maɓallai da kanun shafuka, har ya gaji ya ajiye wayar. Satin nan bai ci abincin kirki ba. Aka kaɗa ƙuri'a, dandali ya ci, aka ce ranar Lahadi za a rufe imel.

A Lahadin Imrana ya kama hanya daga Kano zuwa Onitsha, wayarsa kuma ba ta shiga. Da safiyar Litinin layinmu ya yi tsit, ko babur ɗin okada babu. Baba ya ce in rubuta masa gaisuwa kamar kullum. Na ce an rufe. Ya ce in dai rubuta. Na rubuta, ya kira sunayen duka, Imrana a farko, na aika.

Nan take wayar ta yi ƙara. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Wani ya amsa!" Ya danna da kansa. Sai muryarsa ta fito daga wayar, a natse, ta ce saƙon bai isa ba, adireshin ya daina aiki.

Ya ajiye wayar. Sannan ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Kamila, to yanzu wa zai gaya mini yaron nan ya isa gida?"